Abin da muke nema a labarin mutanen da

A watan Mayu na 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a jihar Kano: Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Kafin a yi kwana biyu gari ya cika da masana tarihi. A teburin mai shayi, a cikin A-daidaita-sahu, a rumfunan Kantin Kwari, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, kowa da hujjarsa a baki. Mutanen Rano suna tunatar da jama'a cewa garinsu na cikin Hausa Bakwai, kuma kirarin sarkinsu Autan Bawo. Mutanen Gaya suna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga wurinsu suka taso. Masu adawa da rabon su kuma suna jawo Bagauda, wanda ake cewa shi ne sarkin Kano na farko, da shekara dubu da aka yi ana sarauta a birni ɗaya. Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar a 2024, sai aka sake kwance buhun aka zazzage shi daga farko.

Wanda ya fi gaskiya a wannan rigima ba shi ne damuwata a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, mafi yawan matasan da suka fi zaƙewa a musun ba su taɓa zama ajin tarihi ba, domin wajen 2009 aka cire darasin daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. An hana su darasin fiye da shekara goma, amma ƙishin bai mutu ba. Sun je sun nemo shi a bakin kakanni, a Facebook, a waƙoƙin fada. To me suke nema?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ana karanta tarihi domin a ɗauki darasi. Akwai gaskiya a ciki, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce a cikin labaran mutanen da akwai abin lura ga masu hankali. Sai dai a ganina wannan shi ne dalilin da ya kamata ya sa mu karanta, ba dalilin da yake sa mu ji daɗi ba. In da darasi kaɗai ake bi, ai basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a Kano a 1893 ta isa ta warkar da kowa daga rigimar gadon sarauta har abada. Ibn Khaldun, masanin tarihin da ya yi rubutunsa a ƙarni na 14, ya riga ya gano haka. A fahimtarsa tarihi fuska biyu gare shi: ta waje labarai ce da ake ƙawata majalisa da su, wadda malami da jahili duk suke fahimta, ta ciki kuwa nazari ce da bin diddigin musabbabin abubuwa. Yawancinmu ta ƙofar farko muke shiga, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Ƙofar farkon ita ce daɗin labari, amma labari mai wani sharaɗi. Yaron da aka yi wa tatsuniya ya san ƙa'idar wasan. An buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", an rufe da "ƙurunƙus", mai bayarwa ma ta riga ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ta shirga. Tarihi kuwa da wani alkawari yake zuwa: wannan ya faru, ga ma wurin. Shi ya sa labarin Bayajidda ya fi kowace tatsuniya ƙarfi a zuciyar Bahaushe, ko da yake kayan haɗinsa na tatsuniya ne zalla. Ga baƙo daga gabas, ga tsohuwa Ayana da ta sauke shi, ga macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ga sarauniya Daurama da ladan aure. Abin da ya raba shi da Gizo da Ƙoƙi shi ne rijiyar Kusugu tana nan a Daura. An gina mata ɗaki, baƙo yana leƙawa ya hango ruwa a can ƙasa, a zura guga a jawo masa ya kurɓa. Wanda ya sha ruwan nan ba ya komawa gida da tambayar ko macijin gaskiya ne. Gani ya kori ji, ko da abin da aka gani rijiya ce kawai, ba maciji ba.

Akwai kuma wani daɗin da ya fi wannan zurfi, wanda tarihin da ke da tabbataccen rubutu yake bayarwa. Mai karatu ya san ƙarshen labarin, mutanen cikinsa ba su sani ba. Ɗauki shekarar 1903. Turawa sun ci Kano a farkon Fabrairu alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. A tsakiyar Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Daga nan manyan daular suka rabu gida biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa, har aka cim masa a Burmi a ƙarshen Yuli aka kashe shi tare da ɗimbin mabiyansa. Waziri Buhari kuwa ya juyo ya yi sulhu da Turawa, bisa hujjar cewa in kowa ya tafi, wa zai tsaya wa talakawan da ba su da halin tafiya? Dukansu malamai ne, dukansu da nassi a hannu. Duk wanda ya karanta wannan da zuciya ɗaya sai ya tsinci kansa yana tambaya: da ina nan, wa zan bi? Zan ɗauki iyalina in bi tuta zuwa inda ban sani ba, ko zan zauna in ga abin da Nasara zai yi? Mutum yana gwada zuciyarsa a kan babban al'amari ba tare da harsashi ya taɓa shi ba. Labarin ƙirƙira ma yana iya yin haka, amma ba ya da nauyin sanin cewa mutane na gaske sun tsaya a wannan mararraba, kuma jikokinsu suna raye. Na waɗanda suka tafi suna can garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da ya ɗauki sunan ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno.

Amma in aka ce in zaɓi dalili ɗaya da ya fi sauran ƙarfi a ƙasar Hausa, asali zan zaɓa. Tarihi a wurinmu ba abin ajiyewa a kanta ba ne, takardar shaida ce. Dubi yadda ake binciken aure. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, sai an tura wani dattijo ya je unguwar su yaron. Ba albashinsa kaɗai zai tambaya ba. Ɗan gidan wa ne? Kakansa daga ina ya zo? Malamai ne, ko maƙera, ko fatake, ko bayin sarki? Dattijon zai zauna a zauren wani tsoho, a gaisa, a yi zancen damina, sannan a hankali a gangaro kan abin da ya kawo shi. Abin da tsohon nan ya tuna game da mutumin da ya rasu shekara sittin da suka wuce yana iya ɗaura aure ko ya warware shi. A al'ummar da haka take, wanda bai san tarihin gidansu ba tsirara yake yawo.

Garuruwa ma haka suke. Kirari tarihi ne da aka dunƙule don ya shiga baki. "Kano ta Dabo" tana nuni ga Ibrahim Dabo da ya hau mulki a 1819, wanda zuriyarsa ke sarauta har yau. Katsina ana ce mata ta Korau, ana kuma ce mata ta Dikko, sunan farko na tsohuwar sarautar Haɓe, na biyu na gidan da ya hau a farkon zamanin Turawa, duk a baki ɗaya ba tare da an ji wani saɓani ba. Unguwannin cikin birnin Kano su ma kundi ne ga mai kunne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan da suka ƙetaro Sahara suka zauna. Mutumin da ya gano dalilin sunan unguwarsu yakan ji kamar an ƙara masa ɗaki a gidan da ya daɗe yana ciki. Titin da yake bi kullum zuwa masallaci ya zama hanyar ayari.

Wannan ƙishi ya fi tsanani ga wanda ya yi nisa da gida. A zangunan Gana, a Kumasi da Accra da sauransu, akwai gidajen da kakanninsu suka bi fataucin goro zuwa Gwanja, suka zauna a Salaga, har yaƙin basasar garin na 1892 ya watsa su. Jikan irin wannan gida yana iya kasancewa bai taɓa taka Kano ko Katsina ba, amma zai gaya maka unguwar da kakan kakansa ya fito. A wurinsa wannan sani shi ne abin da ya sa ba baƙo ne mara tushe ba a ƙasar da aka haife shi.

To amma takardar shaida ana fito da ita ne a gaban wani, kuma a nan abin yake rikicewa. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga hijira zuwa Gudu a 1804 zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808, labari ɗaya ne da ake bayarwa da baki biyu. A Sakkwato labarin gyaran addini ne da kawar da zalunci, kuma akwai ɗimbin rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da ke bayyana hujjojinsu. Ka ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina da aka kora suka kafa sabuwar sarauta, ko Tsibiri inda Gobirawa suka tsaya, sai ka ji labarin mutanen da aka raba da garinsu suka ƙi miƙa wuya, suka yi ta yaƙi shekara da shekaru. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Haka zuriyar sarakunan Zazzau na dā da suka gangara kudu suka kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja bayan babban birnin tarayya ya karɓe sunan. Kowane ɓangare yana jin daɗin tarihinsa, kuma daɗin na gaske ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matsalar ita ce mai waƙar yakan tsallake baitin da bai yi masa ba.

Baitin da muka fi tsallakewa shi ne bauta. Kowa yana son a ce Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851 ana kiransa Abdulkarim, ya yi mamakin arzikin birnin da yadda tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu. Kaɗan ne ke son a ci gaba da karatun zuwa inda ake maganar kasuwar bayi, ko rinji, wato ƙauyen bayin da ke noma wa manya abinci da auduga. Sai a 1936 aka haramta bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya, Nijar kuwa a 2003 ta sanya ta cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Wannan ba zamanin Bagauda ba ne, jiya-jiya ne. A kowane taro ana samun jikokin masu rinji da jikokin waɗanda suka yi noma a cikinsa, amma da wuya ka ji wani ya miƙe ya ce shi na biyun ne. Kowa jikan sarki ne ko na waliyyi, in ya rasa duka sai ya ce kakanninsa daga gabas suka zo. (Da za a tara dukan waɗanda suka ce asalinsu Bagadaza ne ko Yaman, sai a yi mamakin wa aka tarar a ƙasar da suka iso.) Wannan ya nuna cewa abin da da yawa daga cikinmu ke so ba tarihi ba ne gaba ɗayansa, yankin da ya ɗaga mu ne. Maroƙi ya san haka tun tuni, shi ya sa ba ya kwana da yunwa.

Duk da haka ba na cikin masu raina wannan irin so. Daga nan kowa yake farawa. Wanda ya je kallon hawan Sallah don ya ga ado, ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ya ji kakaki yana tsaga iska, dogarai cikin ja da kore suna buɗe hanya, wata rana zai tambaya me ya sa ake Hawan Nassarawa. Sai a gaya masa ziyara ce da sarki ke kai wa Razdan a zamanin Turawa, yanzu gwamna ya gaji kujerar. Nan take abin da ya ɗauka tsohuwar al'ada ce tun fil azal ya zama abin da ke da mafari, da dalili, da siyasa a ciki. Daga wannan tambaya ɗaya ake shiga ƙofa ta biyu da Ibn Khaldun ya ambata.

A ganina daɗin da ke cikin wannan ƙofa ya fi na farko daɗewa, ko da yake da ɗaci yake farawa. Misali mafi kusa shi ne kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Daga cikinsa muka san Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da sauye-sauyen Muhammadu Rumfa wanda ake danganta masa Kasuwar Kurmi da gidan sarki. Shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki ba ta cikin kundin. Abin da ke ciki tsawon mulkin kowane sarki ne, Palmer ya yi ta ɗebewa yana komawa baya har ya dira a kan wannan lamba. Masana da dama kuma suna ganin kundin kansa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi daga waƙoƙi da kirari da ruwayoyin fada. Mai son kirari zai ji kamar an rage wa Kano daraja. Mai son bincike kuwa yanzu aikinsa ya fara: wa ya tattara, wa ya sa shi, me ya sa wani sarki ya samu shafi guda wani kuma layi biyu? Sannan ga abin da ƙasa ta ɓoye: burbushin narkar da tama da aka tono a Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin lokacin da aka ba Bagauda. Ashe binciken da aka ji tsoron zai rage wa garin shekaru ƙara masa ya yi.

Haka labarin Bayajidda. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970, da ɗalibansa na Jami'ar Ahmadu Bello irin su Yusufu Bala Usman, sun yi tambayar da ta girgiza mutane: in baƙon nan shi ne tushen Hausawa, wace ce Daurama, su wane ne mutanen da ke ɗiban ruwa a rijiyar, su wane ne maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa? Labarin da kansa ya nuna ya tarar da gari da sarauta da sana'a. Suka karkata ga cewa biranen Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka, a inda ake da ƙasar noma da tama da duwatsun da ake girmamawa da hanyar fatauci. Da wannan fahimta labarin bai mutu ba, ya canja aiki. Ya zama shaida a kan yadda masu mulki na wani zamani suka so a fahimci dangantakar garuruwa: wa ke ɗan halas na gida, wa aka tura cikin Banza Bakwai. Ba mamaki Bazamfare ko Bakabe ya karanta wannan jeri da wani ido daban da na Badauri.

Wannan hanya ta tuhumar ruwaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ko da yake wasu na ɗaukarta kayan boko. Duk almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi ya ji ana tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya kuwa, an san shi da ƙarya ko da mantuwa. Mutanen da suka gaji irin wannan tsanani wajen tace magana bai kamata su tsorata ba don an tambayi isnadin labarin maciji. Abin mamaki shi ne yadda mutum ɗaya zai ƙi karɓar hadisi saboda rauni a sarƙarsa, amma ya karɓi duk abin da aka turo masa a WhatsApp game da asalin ƙabilarsa, musamman in ya zagi ƙabilar maƙwabcinsa. Musun Hausa da Fulani da ya cika intanet a 'yan shekarun nan kusan duka da irin wannan tarihi ake yin sa: gutsuren gaskiya, a yanke kai da ƙafa, a wasa shi ya zama makami.

Akwai kuma abin da ba shi da ruwa da asalin kowa, sha'awar sani tsagwaronta. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da aka tono sai ga kwalekwale, da aka auna shekarunsa sai aka samu wajen 8,000, yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Babu masarautar da za ta ce na kakanta ne, babu maroƙin da zai ci abinci da shi. Amma ka faɗa wa kowane yaro wannan labari ka ga yadda idonsa zai buɗe: wane ne ya sassaƙa shi, da wane irin gatari, wane ruwa ne a wurin da har ake buƙatar jirgi?

Bambancin waɗannan nau'o'in so yana fitowa fili a yadda muke riƙon abin da aka bar mana. Ganuwar Kano, wadda ake cewa Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12, kowa yana alfahari da ita a baki, amma a wurare da yawa an kwashe ƙasarta an yi bulo, an yanka filaye a kanta, wani wurin ma bola ce. Kirarin ganuwa ba ya buƙatar ganuwar ta tsaya, shi ya sa mai kirari bai damu ba. Wanda ke son ya san yadda aka faɗaɗa ta sau da yawa, da abin da hakan ke nunawa game da yawan mutanen birnin a kowane zamani, shi ne ke jin zafin kowace tifa da aka cika. Haka takardun Larabci da ajami da ke cikin adakoki da gafakoki a gidajen malamai a Zariya da Katsina da Damagaram: wasiƙun sarakuna, rabon gado, lissafin bashin fatake. Magada suna girmama su har ba sa bari a taɓa, gara kuma tana ci.

Yanzu da darasin ya koma aji a Nijeriya, malamin da ke gaban allo a Katsina zai iso babin jihadi, kuma a cikin ɗalibansa akwai mai dangi a Maraɗi. Zai iso babin kasuwancin Sahara, inda dole a ambaci abin da ake kaiwa arewa ban da fata da tufafi. In jerin sarakuna da shekarunsu kawai ya ba su su haddace don jarrabawa, za su ci jarrabawar, su koma wurin mai shayi da WhatsApp neman sauran.